Daga Birnin Kebbi zuwa gudun kilomita 42: gwiwa, zafi da azumi

"Assalamu alaikum. Malam, ni ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, shekaruna 38, nauyina kilo 74. Kusan shekara guda ke nan ina sassarfar kilomita biyar sau uku a mako bayan sallar asuba. Burina in shiga gudun fanfalaki na Legas a watan Fabrairu. Da na ce bari in ƙara nisa, wata Asabar na yi kilomita goma sha biyu, sai gwiwar dama ta kama ciwo, na wuni kwance kamar wanda aka lakaɗa wa duka. Ga zafin garinmu, ga azumi na tafe, ga mutanen unguwa kullum suna tambayata wa ya koro ni. Shin abin zai yiwu, ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zai yiwu, amma ba ta hanyar da ka ɗauko ba. In na fahimce ka, abu uku ne suka taru maka: jiki bai karɓi ƙarin nisa ba, yanayin Kebbi bai yi kama da na wurin gasar ba, sannan lokacin da kake da shi yana cin karo da aiki da ibada. Duk ukun maganinsu yana cikin lissafin makonni, shi ya sa zan daɗe a kansa.

Nisan gasar kilomita 42 ne da mita 195. An fara yin wannan awo ne a gasar Olamfik ta Landan a 1908, aka tsayar da shi a hukumance a 1921. A filin wasa mai zagayen mita 400, zagaye ɗari da biyar ke nan da rabi. Marigayi Kelvin Kiptum na Kenya ya cinye shi cikin awa biyu da daƙiƙa 35 a Chicago a 2023, amma wannan ba lissafinmu ba ne. Mai fara shiga irinka, awa huɗu da rabi zuwa biyar ake sa masa rai. Awa biyar na nufin minti bakwai da 'yan daƙiƙoƙi a kowace kilomita, awa huɗu da rabi kuma minti shida da daƙiƙa 24. Wannan ba sauri ba ne, kusan na tabbata sassarfarka ta safe ta kai haka ko ta fi. Wahalar ita ce ka riƙe shi tun fitowar rana har hantsi ya dube ludayi.

Abin da ya sami gwiwar

A mako kana yin kilomita goma sha biyar, a rarrabe. Ranar nan ka zuba wa ƙafa goma sha biyu a tashi ɗaya, wato fiye da ninki biyu na abin da ta saba. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da atisaye, cikin 'yan makonni za ka ji numfashi ya daidaita. Agara da guringuntsi da ƙashi kuwa jini ba ya kai musu kamar yadda yake kai wa tsoka, sai sun ɗauki watanni kafin su yi ƙwari. Nan ne tarkon yake: numfashi yana ce maka ƙara, ƙafa ba ta shirya ba. Kowane taku na gudu yana sauke wa ƙafa ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki, kuma mai yin awa huɗu da rabi zai yi taku sama da dubu arba'in.

Wurin da ciwon ya zauna yana ba da labari. In a gaba ne, kewayen ƙoƙon gwiwa, yana tashi in kana sauka daga bene ko ka daɗe zaune a ofis, yawanci raunin tsokar cinya da ta ƙugu ne ya sa ƙoƙon yake gogar inda bai kamata ba. In a gefen waje ne, kamar ana soka maka tsinke, yana zuwa daidai wani nisa a kowane gudu, to doguwar jijiyar da ta sauko daga ƙugu ta gefen cinya ce ta fusata. Waɗannan biyun suna lafawa da rage nisa da ƙarfafa tsoka. Amma in gwiwar ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko tana saki in ka taka, wannan ba na gida ba ne. Gwiwa sai an taɓa ta da hannu ake sanin ciwonta, daga nesa iyakata in faɗa maka alamomi. Ka je sashen gashin ƙashi na babban asibiti a duba ka.

Dokar da nake ba duk wanda nake horarwa ita ce: ciwon da ya zo a farkon gudu ya tafi da jiki ya ɗumama, a ci gaba a hankali. Ciwon da yake ƙaruwa ana cikin gudu, ko ya sa mutum ɗingishi, a tsaya nan take, a huta kwana uku zuwa biyar. Ciwon da ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashin ƙwauri, wanda za ka iya nuna shi da yatsa ɗaya, yana zafi ko kana kwance, ana zargin tsagewar ƙashi, kuma wannan hutunsa makonni shida ne ko fiye.

Sau biyu a mako ka ware minti ashirin don ƙarfafa ƙafa, ba sai da wani ƙarfe ba. Tsugunno da miƙewa sau goma sha biyu, zagaye uku. Hawa da sauka a kan dakali da ƙafa ɗaya, sau goma kowace ƙafa, gwiwa tana kallon yatsun ƙafa, kada ta karkata ciki. Kwanciya rigingine da ɗaga ƙugu sama. Ɗage a kan yatsu a bakin matakala, a sauko da dunduniya sannu a hankali, wannan shi ke kare agara da sha-raɓa. Mutane suna raina wannan ɓangaren don ba ya kama da gudu, alhali yawancin waɗanda na ga sun fasa gasa, ƙafa ce ta hana su, ba numfashi ba.

Lissafin makonni

Daga inda kake, wata shida kake buƙata. Don gasar Fabrairu, a watan Agusta ya kamata a soma. Makonni takwas zuwa goma na farko na aza harsashi ne: ka ɗaga jimillar mako daga kilomita goma sha biyar zuwa kusan talatin, ba tare da ka ƙara fiye da kashi ɗaya cikin goma a kan na makon jiya ba, kwanakin gudu kuma su tashi daga uku zuwa huɗu. Talata, Alhamis, Asabar da Lahadi sun dace da ma'aikaci, Asabar ta zama ranar dogon gudu.

Sai makonni goma sha shida na ainihin shiri. Dogon gudun Asabar ya fara daga kilomita 14, kana ƙara biyu kowane mako: 14, 16, 18, sai ka sauko 12. Sannan 20, 22, 24, ka sauko 16. Sannan 26, 28, ka sauko 18, kafin 30 da 32. Makon saukowar nan ba lalaci ba ne, a cikinsa jiki yake gyara abin da aka ɓata. Ko gona sai an bar ta ta huta take ba da yabanya. Mafi tsawon gudunka ya kasance saura mako uku gasa, kuma kada ya wuce kilomita 32 ko awa uku da rabi, duk wanda ya riga zuwa. Babu buƙatar ka yi 42 a gida don ka tabbatar wa kanka, ɓarnar da zai yi maka ta fi amfaninsa. A makonni ukun ƙarshe ana rage nisa: kashi uku cikin huɗu, sai rabi, sai makon gasa 'yar sassarfa kawai.

Kashi huɗu cikin biyar na duk gudunka ya zama a hankali, yadda za ka iya yin hira da abokin tafiya jimla cikakkiya ba tare da haki ba. Wannan ne ya fi ba maza wuya, musamman in an wuce majalisa ko wani yaro ya zo ya wuce ka. Kada ka biye masa. Sau ɗaya a mako, ranar Alhamis misali, ka sa kilomita huɗu zuwa takwas a tsakiyar gudu da saurin da kake son yi ranar gasa, don ƙafa ta san shi. Haɗa gudu da tafiya ma ba abin kunya ba ne: minti tara gudu, minti ɗaya tafiya, tun daga farko, yana kai masu fara shiga da yawa ƙarshe lafiya.

Ga ma'aunin da za ka yanke hukunci da shi. In Nuwamba ta ƙare ba ka iya yin kilomita 20 ba tare da ciwon gwiwa ba, to bana ka yi rajistar gudun kilomita goma, wanda ake yi tare da babbar gasar ta Legas, ka ajiye 42 sai baɗi.

Hunturun Kebbi da gumin Legas

Ta wani fannin kun yi sa'a, domin mafi nauyin shirin yana faɗowa ne daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin sanyi. A Janairu rana ba ta fitowa a Birnin Kebbi sai wajen ƙarfe bakwai, wanda ya fita bayan asuba yana da awa uku masu daɗi kafin ta yi zafi. Da a ce gasar a watan Mayu take, shirin ya faɗo cikin bazara da zafinta mai haura digiri 40, da na ce maka ka nemi wata.

Sai dai hunturu yana da yaudara. Iska a bushe take, zufa na fita tana bushewa nan take, riga ba ta jiƙewa, mutum ya ɗauka bai yi gumi ba. Ka duba goshinka da gefen hularka bayan gudu, za ka ga farin gishiri ya kwanta. Hanyar sanin gaskiya ita ce sikeli. Ka hau kafin ka fita, ka yi gudun awa ɗaya, ka dawo ka goge jiki ka sake hawa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce ta ruwa, sai ka ƙara abin da ka sha a hanya. In ka ragu da rabin kilo alhali ka sha leda ɗaya ta fiya wata, wadda rabin lita ce, to lita ɗaya kake zubarwa a awa. Burin shi ne kada asarar ta wuce kashi biyu cikin ɗari na nauyinka, a wurinka kusan kilo ɗaya da rabi.

Ranar da ƙura ta yi kauri har ba ka hango ƙarshen layinku, ka rage gudun ko ka ɗage shi. Ƙurar nan tana tayar da tari da asma, kuma dogon gudu a cikinta yakan bar mutum da mura mako guda.

Legas kuwa akasin haka take. Ma'aunin zafinta ba zai kai na Kebbi ba, amma iskar a jiƙe take da raɓar teku, zufa ba ta bushewa, sai dai ta riƙa tsiyaya. Zufar da ba ta bushe ba kuwa ba ta sanyaya jiki. Ɗan Arewa da ya yi wata uku yana gudu cikin sanyi, yana fara gudu a Legas zai ji kamar an rufa masa bargo. Jiki yana ɗaukar kwana goma zuwa goma sha huɗu kafin ya saba da zafi, don haka a makonni biyun ƙarshe ka mayar da wasu gajerun sassarfa, na minti arba'in, zuwa hantsi ko bayan la'asar, da ƙarin riga mai dogon hannu. Riga ta yadi nake nufi. Masu sa rigar ruwa ko ɗaura leda a ciki wai don kitse ya narke, ruwan jikinsu kawai suke zubarwa, kuma suna wasa da ransu.

Alamar da ba a jayayya da ita: jiri, ruɗewa, maganar da ba ta haɗuwa, tsigar jiki na tashi cikin rana. Wanda ya kai nan a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwan sanyi a jiki duka, a yi asibiti. Haka nan fitsarin da ya koma baƙi-baƙi kamar shayin da ba madara bayan gudu mai tsanani, alamar tsoka ce ta farfashe, kuma tana iya taɓa ƙoda.

Abin da ake ci, da abin da ke faruwa a kilomita 30

Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, kimanin kalori dubu biyu. Gudu yana cin kusan kalori ɗaya a kowane kilo na nauyi a kowace kilomita, wato kai mai kilo 74 za ka ƙone sama da dubu uku. Ka ga ajiyar ba ta isa ba. Wajen kilomita 30 zuwa 35 take ƙarewa ga wanda bai ci komai a hanya ba, ƙafafu su yi nauyi, kai ya yi fayau, mutum ya fara tambayar kansa me ya kawo shi. Ba ragwanta ba ce, mai ne ya ƙare.

Magani shi ne a fara ci tun ba a ji yunwa ba, daga minti arba'in da biyar, a samu giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa. Ba sai ka sayi kayan waje masu tsada ba. Dabino shida zuwa takwas sun kai giram 40, ayaba ɗaya matsakaiciya kusan 25. Ka cire ƙwallayen dabinon tun a gida, ka jiƙa busasshen kaɗan don ya yi laushi, ka ƙulla a leda. Na sha kuma, haɗin ruwan gishiri da sukari da aka sani ya wadatar: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada kuma tsoron ƙishirwa ya sa ka yi ta ɗura ruwa zalla a kowace tasha. Ruwan da ya wuce kima yana tsinka gishirin jini, ya kawo ciwon kai, amai da suma, kuma masu gudu a hankali ya fi kamawa. Duk wannan a ranakun Asabar ake gwada shi. Abin da cikinka bai sani ba, ranar gasa ba ranar gabatar masa da shi ba ce.

Abincin gida ya ishe ka. Tuwon shinkafa, dankali, doya, kunu, fura da nono bayan gudu, kifi, ƙwai, wake da ƙuli-ƙuli don gyaran tsoka. Kwana biyu kafin gasa a ƙara shinkafa da burodi, a rage mai da yaji, a jingine wake da kwaɗon zogale.

Azumi

Ramadan yana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan yana faɗowa ne a Fabrairu ko daf da ita. Tun kafin ka biya kuɗin rajista ka haɗa ranar gasar da kalandar Musulunci. In azumi ya shigo cikin shiri, a rage jimillar mako da kusan kashi ɗaya cikin uku. Gajeren gudu mai sauƙi, na rabin awa, yana yiwuwa daf da magariba, tunda ruwa na kusa. Mai nauyi sai bayan asham, a wuri mai haske da jama'a. Bayan asuba shi ne mafi munin lokaci, domin za ka zubar da ruwan sahur ka wuni a bushe. In kuwa ranar gasar kanta ta faɗo cikin azumi, a fannin lafiya ban yarda wani ya yi kilomita 42 da baki a rufe ba. Hukuncin addini na malamai ne, amma ni shawarata ka nemi gasar da ke wajen watan.

Kafin ka soma, da sauran ƙananan abubuwa

A shekarunka, ka auna hawan jini da sukari, ka kuma yi gwajin sikila, ka san ko kai AA ne ko AS. Mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila, yana iya gudu, amma haɗuwar zafi, ƙishirwa da tsananin gajiya ta fi yi masa haɗari, dole ya bi a sannu. Ciwon ƙirji, bugun zuciya marar tsari ko suma yayin motsa jiki, likita ne zai ba da izini. Damina da kaka lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, daidai farkon shirinka. Ba a gudu da zazzaɓi, kuma bayan an gama magani a ba jiki kwanaki kafin a koma.

Ka yi nesa da ɗabi'ar shiga kemis a haɗiyi diclofenac ko ibuprofen kafin dogon gudu. Suna rufe ciwon da ya kamata ya tsayar da kai, kuma in suka haɗu da ƙarancin ruwa suna cutar da ƙoda da ciki. Tramadol kuwa, ban da illarsa, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a gasa tun Janairun 2024.

Takalmi ya fi komai cancantar kuɗinka. Ka saye shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakinsa, in ba haka ba farce zai yi baƙi ya fita. Yana yin kilomita 500 zuwa 800 kafin katifarsa ta mutu. In na gwanjo ne, ka danna gefen tafin da yatsa, ka duba ko ya yi tamoji ko ya cinye ta gefe ɗaya. Safa ta roba-roba ta fi ta auduga hana bororo. Ka shafa Vaseline a matsematsi, hammata da kan nono, wanda bai yi ba zai gane kurensa a wajen wanka. Hanyar burji mai santsi ta fi kwalta sauƙi ga gaɓoɓi, amma tunda gasar a kwalta take, rabin dogayen gudunka su zama a kanta. Ka riƙa fuskantar motoci, ka sa riga mai haske saboda 'yan kabu-kabu, kada ka yi nisa bayan gari cikin duhu. Zagayen kilomita biyar da ake maimaitawa ya fi, ga tsaro, ga wurin ajiye ruwa. 'Yan sintirin unguwa su san fuskarka.

Masu tambayar wa ya koro ka, wata biyu za su yi su gaji, wasu ma su fara tambayarka maganin tumbi. Wadda ya kamata ka nemi yardarta ita ce uwargida, domin safiyar Asabar goma sha shida za ka ɗauke daga gidan, ka dawo a gajiye. Barci kuma awa bakwai ne aƙalla, wanda ke nufin hirar dare a majalisa za ta ragu. Akwai makon da za ka ji ka tsani takalmin kansa, yawanci tsakanin na tara da na goma sha biyu. In bugun zuciyarka na safe ya ƙaru da kamar goma a kan yadda ka saba, barci ya ƙi, abinci ya fita ranka, gajiya ce ta taru, ka huta kwana biyu. In babu waɗannan, kasala ce kawai, abokin gudu da zai tsaya maka a ƙofar gida shi ne maganinta.

Ka isa Legas kwana biyu kafin ranar, domin doguwar tafiyar mota daga Kebbi tana sandarar da ƙafa. Ana tashi ne da sassafe, cikin dubban mutane, kuma kowa zai fyalla kamar gudun mita ɗari. Ka bar su su tafi. Kilomita goma na farko ka yi su ƙasa da saurin da ka tsara da daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar a kowace kilomita. Bayan ka gama kada ka zube nan take, ka taka na minti goma, ka sha, ka ci. Ka kwana ɗaya ko biyu kafin ka kamo hanyar gida, a motar ma ka sauka ka miƙe ƙafa duk inda aka tsaya. Makon farko tafiya kawai, sassarfa sai a na biyu, gudu mai ƙarfi kuma sai bayan wata guda.